Yadda ake tsara runduna da dabarun yaƙi don gasar ƙananan mayaƙan tebur

Wasan nan ana yin sa ne da 'yan ƙananan siffofin mayaƙa na dalma ko roba, masu tsayin milimita 15, a kan fili mai faɗin santimita 60 ta kowane gefe. Za mu bi ƙa'idar DBA (De Bellis Antiquitatis, littafin dokokin wannan wasa), wadda ta fara fitowa a Ingila a 1990, aka fitar da bugunta na 3.0 a 2014, domin ita ce ta fi sauƙin farawa ga mai zama a Sakkwato: runduna ɗaya rukuni 12 ce kacal, kuma wasa yakan ƙare cikin kamar awa guda. Rukuni shi ne 'yan mayaƙan da aka manna a kan gindi ɗaya mai faɗin milimita 40, kuma da wannan faɗin ake auna tafiya da harbi. Mu kira shi taku.

Abu na farko, karanta takardar masu shirya gasa kafin ka taɓa gam. Wane bugu na ƙa'idar za a bi, wane zamani aka yarda da shi, minti nawa ne zagaye, kuma runduna ɗaya za ka riƙe har ƙarshe ko ana sauyi? Wanda ba ya son ajiye mutum-mutumi a gida yana iya yanka kwali ko falanki ya zana alamar kowane rukuni a kai, wasan bai canza ba, amma ya tambaya tun da wuri ko za a karɓa a gasa.

Na biyu, zaɓen runduna. Littafin yana da jeri na ɗaruruwan rundunoni, ciki har da na Yammacin Sudan daga 1000 zuwa 1591, shekarar da Maroko ta karya Songhai a Tondibi. A nan ake samun 'yan lifida da 'yan baka irin na ƙasar Hausa. Sabon shiga yakan ɗebi ɗan wannan ɗan wancan, wai don ya shirya wa kowa. Kada ka yi haka. Ware rukuni shida ko bakwai masu tafiya iri ɗaya su zama ƙashin bayan rundunar, biyu ko uku su zama masu kisa, ɗaya ko biyu marasa nauyi su riƙe kurmi da tudu.

Dalili shi ne makin umarni. Duk lokacin da wasa ya zo kanka za ka jefa ƙwayar ludo ɗaya, abin da ta ba ka shi ne adadin motsin da za ka yi. Rukunonin da ke manne kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar wuri guda, maki ɗaya ke tafiyar da su duka. Waɗanda suka watse kuwa, kowanne da nasa makin. Sau ɗaya cikin uku ƙwayar za ta ba ka 1 ko 2, saboda haka shirin da ba ya tafiya sai da 5 ko 6 rabon a yi ne kawai. Kasa rundunarka sahu biyu, in ya yi yawa uku. Kuma sarkin yaƙi, wato rukunin da ke jagorantar rundunar, ya zauna kusa, don rukunin da ya yi masa nisa fiye da taku 8 sai an ƙara masa maki kafin ya motsa.

Na uku, haddace lambobin faɗa. Kowane ɓangare yana jefa ƙwaya ya tara da lambar rukuninsa. Masu takobi suna da 5 a kan dakaru, 3 a kan mahaya. Masu mashi 4 da 4. Barade masu lifidi 3 a kan dakaru, 4 a kan mahaya. 'Yan baka 2 a kan dakaru, 4 a kan mahaya. Wanda aka fi yawanci ja da baya yake yi, wanda aka ninka ya mutu. Amma akwai waɗanda ƙaramin rinjaye ma ya isa ya kashe su: ɗan baka a hannun mahayi, ko barde a hannun raƙumi ko giwa.

A nan ne kafaɗa take aiki. Duk maƙiyin da ya tsaya a kafaɗar rukuninka ba tare da wani ya tare shi ba, yana rage maka 1. Duba lissafin ɗan baka da barde in sun haɗu gaba da gaba. In babu kowa a gefe, cikin faɗuwar ƙwaya 36 ɗan baka zai mutu a 10. In 'yan uwansa sun rufe barden ta kafaɗu biyu, sai ta koma 3. In shi aka rufe ta gefe biyu, 21. Mutanen dai su ne, jeri ne kawai ya bambanta. Don haka sahunka ya fi na abokin karawa tsawo ko da da rukuni ɗaya ne a wurin da ka zaɓi ka buga, ɗaya gefen kuma ka jingina shi da kurmi. In an zo faɗa, fara da karawar da ka fi ƙarfi, don in ka tura wancan baya, maƙwabtansa sun rasa mai tsare musu kafaɗa.

Mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan darasi. A Tafkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu Usmanu, galibinsu 'yan baka a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, sun karya dawakin Yunfa Sarkin Gobir. Yaƙin ya zo bayan zamanin da jerin Yammacin Sudan ya ƙunsa, amma a kan tebur ma haka take: bakan da ya tsaya a jere yana harbi daga taku 3, kafin barde ya iso an riga an wargaza masa sahu.

Na huɗu, fili. Kowace runduna tana da lambar kai hari daga 0 zuwa 4 da ake tarawa da ƙwaya. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai gida, shi ke shimfiɗa kurmi da tudu, shi ke fara jera mutanensa. Mai dawaki ya bar tsakiya a buɗe. Mai dakaru marasa nauyi ya cika ta da sarƙaƙiya, don yawancin rukunoni suna rasa 2 a faɗa a mugun wuri irin kurmi. Zana jeri biyu a takarda tun a gida, ɗaya na mai gida, ɗaya na baƙo.

Na biyar, ƙirga huɗu. Wanda ya rasa rukuni huɗu, kuma asararsa ta fi ta abokin karawa, ya faɗi, sannan mutuwar sarkin yaƙi tana da ƙarin nauyi a lissafi. Tun kafin a fara, duba sahun wancan ka zaɓi huɗun da suka fi sauƙin ci, ka bar sauran takwas su sha iska. Kura-kuran da suka fi kayar da mutum su ne tura sarkin yaƙi gaba shi kaɗai saboda kwaɗayin ƙarin 1 da yake da shi a faɗa, barin sansani ba mai gadi, da cunkusa rukuni a inda ba shi da wurin ja da baya, wanda ke mai da ƙaramin turi ya zama mutuwa.

Kafin ranar, yi wasan gwaji biyar ko shida da agogo a gefe, har da rundunar da ka fi tsoro. Manna maganaɗisu a ƙarƙashin kowane gindi ka jera su a gwangwanin biskit mai murfi, kada ƙurar hunturu ta shiga. Kada ka bar gwangwanin cikin mota a zafin watan Afrilu, roba tana lanƙwashewa, gam kuma yana saki. Sa kwafi biyu na jerin rundunarka a ciki, ɗaya na alƙalin gasa, da ƙwaya biyu da sandar awo mai alamar taku.