Yadda za ka sa Lombok ya rubuta maka kod ɗin kwafe record a Java

Tun da record ya zauna daram a Java 16, a watan Maris na 2021, na daina rubuta dogayen aji don ajiye bayanai kawai. Layi ɗaya ya wadatar:

```java
public record Oda(String maiSaye, String gari,
                  long kudi, List<String> kaya) {}
```

Daɗin abin shi ne a daskare yake. Da zarar ka gina shi, ba mai taɓa gurabensa. Amma daɗin nan shi ne kuma wahalar. Mai saye ya kira ya ce a kai masa kaya Zariya maimakon Kaduna, kai kuma ba ka da hanyar gyara gari. Dole ka gina sabuwar Oda, ka kwashe duk abin da ke cikin tsohuwar, ka sauya gurbi ɗaya tak.

Da hannu nake rubutawa a da, kowane gurbi da nasa: withGari, withKudi, haka dai. Ranar da na tuba, ina cikin sauri na rubuta `new Oda(gari, maiSaye, kudi, kaya)`. Da maiSaye da gari duk String ne, don haka kompaila bai ce uffan ba. Sai da na buga rasit na gwaji na ga an rubuta sunan mai saye "Zariya", garin kuma sunan mutum. Na kusa cinye yini ina neman ɓarnar a wani wajen daban.

Masu Kotlin suna da copy() a kan data class, C# ta samu kalmar with tun sigarta ta 9 a 2020, Python na da dataclasses.replace. Mu 'yan Java sai mun nemi ɗan aike, kuma nawa shi ne Lombok, wani laburare da ke bin alamomin da ka sa a kod (annotation) ya rubuta maka sauran a lokacin kompaila.

Fara da saka shi a aikinka. Ka tabbata sigar ba ta gaza 1.18.20 ba, domin daga nan ne ya fara tafiya da Java 16. A Gradle sau biyu za ka ambace shi, a compileOnly da kuma annotationProcessor. A Maven ka ba shi matsayin provided, sannan ka sa shi cikin annotationProcessorPaths na maven-compiler-plugin. Kada ka tsallake wannan na biyun. Daga JDK 23, javac, wato kompailan Java, ya daina tayar da irin waɗannan masu sarrafa alamomi da kansa sai an gaya masa, shi ya sa aikin da ke tafiya lafiya jiya zai iya wayar gari yana kukan bai san withGari ba. IntelliJ ya zo da tallafin Lombok a cikinsa. Eclipse kuwa sai ka kunna lombok.jar ya girka kansa.

Sai alamar, kalma ɗaya a saman record:

```java
@With
public record Oda(String maiSaye, String gari,
                  long kudi, List<String> kaya) {}

Oda sabuwa = tsohuwa.withGari("Zariya");
```

Shi ke nan. In ka ƙara gurbi gobe, duk metod ɗin za su bi sabon tsarin da kansu. In kuma gurbi ɗaya kawai kake so a riƙa sauyawa, ɗora @With a kansa shi kaɗai. Ni hakan na fi so. Ban ga dalilin da zai sa kowa ya iya canza maiSaye a kan odar da aka riga aka karɓa ba. A tsofaffin ayyuka za ka iya cin karo da @Wither. Shi ne dai, sunansa na da ke nan kafin siga ta 1.18.10.

Ina ba ka shawara ka leƙa abin da ya rubuta, ko da sau ɗaya, da umarnin delombok, wanda ke fito maka da kod ɗin da Lombok ya samar a fili. Ga abin da za ka tarar:

```java
return this.gari == gari ? this
     : new Oda(this.maiSaye, gari, this.kudi, this.kaya);
```

Dubi layin nan da kyau, akwai darasi a ciki. In abin da ka miƙa shi ne ainihin wanda ke ciki, tsohuwar Oda zai mayar maka, ba zai gina sabuwa ba. Sannan dubi this.kaya: bai kwafi jerin kayan ba, hannu kawai ya miƙa. Tsohuwa da sabuwa suna ci a kwano ɗaya. In ArrayList ne wani ya ba ka, kuma ya ci gaba da riƙe shi, ranar da ya ƙara buhun shinkafa a ciki, odoji biyun duk za su canza, daskarewar ta zama ta baki kawai. Maganin yana cikin maginin record ɗin, wato constructor:

```java
public Oda {
    kaya = List.copyOf(kaya);
}
```

List.copyOf yana ba da jerin da ba ya karɓar gyara. Ka dai sani ba ya yarda da null a cikin jeri, nan take zai yi tutsu.

In aji na gargajiya kake amfani da shi ba record ba, @With na buƙatar magini mai karɓar dukkan gurabe, a jere yadda aka rubuta su. Bar @AllArgsConstructor ko @Value ya samar da shi. In ka rubuta da hannu ka juya String biyu, ka koma gidan jiya, irin rasit ɗina.

Saura inda @With ke gazawa. Kowane kira yana bi ta magini, har da duk binciken da ka sa a ciki. Ka ɗauka kana da Haya mai ranar farawa da ranar ƙarewa, maginin kuma yana ƙin duk hayar da farkonta ya wuce ƙarshenta. Kana so ka ɗaga hayar watan Janairu gaba ɗaya zuwa Maris. Da ka kira withFara, an sami haya mai farawa a Maris ta ƙare a Janairu, magini zai yi watsi da ita kafin ka kai ga withKare. A nan sai ka ɗora @Builder(toBuilder = true) a kan record ɗin, ka sauya biyun a tare:

```java
Haya sabuwa = haya.toBuilder()
    .fara(LocalDate.of(2025, 3, 1))
    .kare(LocalDate.of(2025, 3, 31))
    .build();
```

Binciken zai gudana sau ɗaya ne, a wajen build(), bayan ranakun biyu sun zauna.