Darasi na Bakwai: Haɗa Ƙaramar Lasifika ta Kan Tebur

A wannan darasi za mu haɗa lasifika biyu ƙanana, kowacce a cikin akwatin katako, irin waɗanda mutum ke ajiyewa a gabansa, tazarar kamar mita 1, yana sauraron karatu ko labarai ko kiɗa. Tunda kunne na kusa, ba sai an nemi ƙarfi mai yawa ba. Ƙaramin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin PAM8403, mai ba da har wat 3 ga kowace lasifika da wutar bolt 5, ya isa.

Ka nemi kawunan sifika biyu iri ɗaya, wato ainihin abin da ke fitar da sauti ba tare da akwati ba, masu faɗin inci 3 ko 4. Duba bayan maganaɗisun, za ka ga an rubuta 4 ko 8, wato om, ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar lantarki. Dole su zo daidai da juna.

Kafin ka taɓa zarto, yi wannan gwaji. Haɗa kan sifika ɗaya da amfilifaya, ka riƙe shi a hannu, ka saurara. Za ka ji sautin siriri, ba nauyi, kamar ana magana a cikin gwangwani. Ga dalili: duk sa'ad da takardar sifikar, wato faifan gabanta mai motsi, ta turo iska gaba, a bayanta tana janye iska ne. Sai iskar gaba ta zagayo ta gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna, kaurin sautin nan da ake kira bas ya ɓace. Aikin akwati ke nan, ya tsare sautin baya kada ya fito. Shi ya sa nake damuwa da rufe kafofi fiye da fenti ko ado. Na sha ganin akwati mai ƙyalli da ke fitar da iska ta ramin waya, mai shi yana ɗora wa sifika laifi.

Yanzu awo. Kan sifika mai inci 4 yakan zauna lafiya a akwati mai cin lita 3 zuwa 5. Ka auna cikin akwatin, ban da kaurin katako. Misali: faɗi santimita 12, tsawo 20, zurfi 15. Ninka su, 12 × 20 × 15 = 3,600. Raba da 1,000, ka samu lita 3.6. Kada ɓangarorin uku su zama awo ɗaya, domin akwati irin wannan yakan yi gunji a kan wani sauti guda.

Yi amfani da katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, ko filawud mai kaurin milimita 12 zuwa sama. Siriri yakan yi rawa ya ƙara nasa surutun. Ƙurar MDF na cutar da huhu, don haka rufe hanci in za ka yanka. Shafa gam a kowace mahaɗa, ka matse sosai har ya ɗan tsatso, ka bar shi ya kwana. Bayan ka zura waya, toshe ramin da gam. Sa auduga a ciki sako-sako, kada ka danna ta.

Saura gane ƙafafun sifika, wato wuraren haɗa waya biyu: wace ce +, wace ce −. Ɗauki batir mai bolt 1.5, ka ɗan taɓa ƙafafun sifikar da shi na daƙiƙa ɗaya. In takardar ta leƙo waje, ƙafar da ke kan alamar + ta batir ita ce +. Sa mata alama. In ka juya wayar ɗaya daga cikin biyun, bas zai ragu, murya kuma ta rasa wurin tsayawa.

Ajiye su daidai tsayin kunnenka, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakaninka da kowacce, ka ɗan karkato fuskokinsu wajenka. In ka yi daidai, za ka ji murya na fitowa daga tsakiya, inda babu lasifika.

Aikin gida: akwati mai faɗin santimita 14, tsawo 22, zurfi 13 daga ciki, lita nawa yake ci? Zai dace da kan sifika mai inci 4?