Darasi na Bakwai: Tsohon Hoto da Mutanen Cikinsa

Da wuya ka shiga tsohon gida a Kaduna ka rasa hotunan da. Wasu suna ƙasan akwatin ƙarfe na tsohuwa, an naɗe su a leda tare da katin asibiti da takardar fili. Yawancinsu baƙi da fari ne, kuma ba a rubuta sunan kowa a jiki ba. Sunayen suna bakin dattawa, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi. Kai da ka fara iya rubutu, wannan aikinka ne.

Da yawa daga cikinmu kakanninmu zuwa suka yi. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Aikin jirgin ƙasa ya kawo wasu, aikin soja da na gwamnati ya kawo wasu. Da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, aka ƙara tururuwa. Shi ya sa za ka ga ɗan Tudun Wada ko Kawo yana da dangi a Katsina ko Daura, amma bai san ƙofar gidansu ba.

Ka je wurin wata dattijuwa a gidanku bayan la'asar, lokacin da aiki ya lafa. Ku gaisa sosai tukuna. Kada ka zube mata hotunan gaba ɗaya, miƙa mata ɗaya ka yi shiru.

"Gwaggo, wane ne wannan mai doguwar hula a bayan Baba?"

"Allah sarki! Ai Baffanku ne na Funtuwa. Ranar sunan yayarka aka ɗauka."

Ka ga, tambaya ɗaya ta ba ka dangantaka da gari da dalilin taron. In ta kauce wa wani suna, ta ce "mai gidan" ko "yaron nan", kada ka matsa mata. Kunya ce: mata da yawa ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari. Ka bari ka tambayi ƙanwarta.

Sai shekara. Dattawa ba kasafai suke ƙirga da lamba ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. In ta ce shekarar da aka kashe Sardauna, rubuta 1966. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Canjin hannun tuƙi, 1972. Da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973. Rasuwar Murtala, 1976. Babban hawan daba na FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Kaduna, 1977. Ka kuma juya bayan hoton, wani lokaci mai hoto ya buga hatiminsa da sunan titi.

Da fensir za ka rubuta a bayan hoton, a hankali, kada ka danna. Tawadar biro tana iya hudowa ta ɓata fuskar mutum. Sa sunan yanka, da sunan uba, da laƙabi, da gari. Laƙabin nan kada ka raina shi, don a ƙauye galibi da shi aka san mutum.

Danshin damina da gara su ke cin hoto. Sa farar takarda tsakanin kowane biyu, ka ajiye a sama inda ruwa ba ya kaiwa. Ka ɗauki kowanne da waya, a inuwa, ba tare da filasha ba, sannan ka tura wa 'yan uwa ta WhatsApp ka ce wa ya gane wannan. Hoton mata sai da izininsu. Abin gida ba na bazawa a Facebook ba ne.

In wani ya gane, ka karɓi kwatance ka shirya tafiya, don zumunci a ƙafa yake. Wanda kakansa ya yi aikin gwamnati ko na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, yana iya leƙawa ma'ajiyar tsoffin takardu ta ƙasa da ke nan Kaduna, ko Arewa House, tsohon gidan Sardauna.

Aikin gida: Nemo tsohon hoto ɗaya. Rubuta sunan mutum uku da ke ciki, da garin kowannensu, da yadda kuke da shi. Ka zo da littafinka aji na gaba, hoton kuwa ka mayar wa mai shi.