Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton motocin tseren hamada

Gasar Dakar ta fara ne a ƙarshen Disamban 1978 tsakanin Faris da babban birnin Senegal, kuma dattawan Agadez na iya tuna zamanin da motoci da babura ke ratsa garinsu su nausa Tenere. Daga 2009 ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta, duk watan Janairu. Wuri ya sauya, amma abin da ke wahalar da mai hoto yana nan yadda yake: gudu, ƙura, da rana mai kashe ido.

Kuskure mafi muni shi ne wurin tsayuwa, don shi ba a hoto kawai yake tsayawa ba, rai yake ci. Sabon shiga kan tsaya a bayan kwana, saboda nan ne mota ke watso rairayi. To, nan ne kuma take nufa idan ta ƙwace wa direba. Haka gindin tudun rairayi ta ɓangaren gangara: direban da ke hawowa ba ya ganin komai sai sama, ba zai san da mutum ba sai ya riga ya diro. Ka tsaya ta cikin kwana, a kan tudu ko bayan babban dutse, ka sa riga mai ɗaukar ido, ka kuma bi umarnin jami'an gasa ko da ka ga sun hana ka wuri mai kyau. Ni ba na son mutum ya je shi kaɗai. Idon da ke cikin kyamara ba ya auna nisa daidai, musamman da gilashin kyamara (lens) mai ɗaukar fage da faɗi, wanda ke nuna mota tana can nesa alhali ta iso. A samu wani a gefe wanda aikinsa kawai duba hanya.

Sai saurin shota, wato ɗan murfin da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara don haske ya shiga. Motar da ke gudun kilomita 144 a awa tana cin mita 40 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka ɗauka a 1/250, wato kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, ta matsa santimita 16 kafin shota ta rufe, shi ya sa hoton ke fitowa dishi-dishi. Ka fara daga 1/1000, idan tsalle take yi ko tana kusa ka kai 1/2000. Amma akwai masu wuce gona da iri, su daskarar da komai har tayoyi, mota ta fito kamar an faka ta a gareji. A kan rairayi mai laushi wannan ba damuwa ba ce, yashin da ke tashi ya isa ya nuna gudu. A fili mai tauri kuwa gara ka sauko wajen 1/125, ka bi motar da kyamara daga ƙugu, ka ci gaba da bin ta har bayan ka danna. Da yawa za su lalace, sai dai wanda ya yi kyau zai fito da mota garau, bayanta ya zama zane-zane.

Haske ma yana yaudara. Kyamara in ta ga rairayi mai ƙyalli ya cika mata ido sai ta rage haske, yashi ya fito toka-toka, gefen motar da ke inuwa ya yi baƙi ƙirin. Ƙara haske da kusan mataki ɗaya, wato +1 a ma'aunin hasken kyamara, yana gyara wannan, kuma ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana ba ka damar ceto inuwar daga baya. Da tsakar rana tuddai kan rasa siffarsu, don babu inuwar da za ta fito da su. Safiya da la'asar sakaliya su ne lokacin. Wani abu da nake jin takaicinsa shi ne yadda mutane ke tsoron fuskantar rana, kullum sai sun juya mata baya. Ƙura ba ta kyau sai haske ya bugo ta daga baya ko daga gefe. A nan ne take zama ja kamar garwashi, motar ta ɓullo daga cikinta. Sai dai a irin wannan ka rage hasken kaɗan, kada ƙurar ta ƙone ta zama fari fat.

Ita ƙurar da ke ƙawata hoto ita ce kuma ke kashe kayan aiki. Wanda ya san hunturu ya san yadda take shiga ko'ina. Kada ka cire gilashi a fili. In da hali ka riƙe kyamara biyu, ɗaya da gilashi mai jawo nesa na 70-200mm, ɗaya da mai faɗi, in babu ka shiga mota ka rufe taga kafin ka canza, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi. Ka fara hurawa da 'yar robar hura iska, sannan ka goge. Leda da ɗan roba ma suna kare jikin kyamara sosai.

Fokas, wato saitin da ke fito da abu garau, kan kama ƙura ya saki mota. Ka sa shi a yanayin bin abu mai motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony, ka ɗora shi kan fitila ko lambar mota. Idan daga bayan tudu za ta ɓullo, ka saita shi tun farko a kan ƙoƙuwar tudun, ka jira da kunne.

Wasu kuma duk hotunansu mota ce ta cika fage, ba za ka gane ko a hamadar Rub'ul Khali ta Saudiyya aka ɗauka ko a bayan gari ba. Ka ja baya wani lokaci, ka bar Hilux ta zama 'yar ƙarama a tsakiyar tuddai da sawun tayoyinta a baya. Da dare kuma kada ka kwanta da wuri, ka leƙa sansani, inda kanikawa ke kwance mota a ƙarƙashin fitila don ta tashi da asuba.