Kafin ka ba masana'antar Sin aikin haɗa maka kaya

Shekara bakwai ke nan ina sayar da fitilu masu caji a Aboabo, nan Kumasi, da sunan shagona a jiki, alhali ko ƙusa ɗaya ban taɓa ɗaurawa ba. Wata masana'anta ce a Shenzhen take haɗa min. Ga yadda nake tsara abin.

Fara lissafi daga ranar da kake son kaya su hau kanta, ka riƙa ja da baya. Ni nakan ba fitar da kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tema mako biyu, in takardu sun yi daidai a ICUMS, tsarin kwastan na Gana a intanet. Jirgin ruwa mako shida ko bakwai, haɗa kaya wata guda. Mai son kasuwar azumi, tun wajen Mauludi ya kamata a ce kuɗinsa ya tafi, don a bar sarari ko za a samu jinkiri.

Inda ake faɗuwa shi ne nan: masana'antar ba ita ke yin batir ba, ba ita ke yin 'yar ƙwaƙwalwar da ke kula da caji ba. Ita ma sayowa take yi. Fitila mai sassa talatin, in ɗaya ya makara, ashirin da taran sun zama tarkace. A 2021, da aka yi ƙarancin waɗannan ƙwaƙwalen a duniya, wata uku ina jira saboda abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ga kuɗina a hannunsu. Yanzu sai sun turo min jerin sassan duka, in tambayi wanne ya fi wuyar samu, mu amince da madadinsa a rubuce. In ka bar musu zaɓi, mai araha za su sa, kai ne za ka sha zagi a kasuwar Kejetia.

Samfuri biyu za ka karɓa. Ka sa hannu a jikinsu, ka mayar musu da ɗaya, ɗaya ya zauna a durowarka. Faɗa musu filogi mai ƙafa uku muke amfani da shi a Gana, wuta kuma 230. Batirin litiyom yana da takardar gwaji, UN38.3, in babu ita kamfanin jirgi na iya ƙin ɗauka.

Kafin alƙalami kashi 30 ne bisa al'ada. Ragowar 70 kada ta fita sai wani naka ya je ya buɗe kwalaye ya kunna da hannunsa. Dalar ciko kuwa tanade ta da wuri: a 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13 kafin shekara ta ƙare, ribar mutane da yawa a nan ta narke.

Sai bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Ma'aikata kan watse zuwa garuruwansu makonni, wasu ma ba sa dawowa, kayan farko bayan hutu sababbin hannu ke haɗa su. Ni ba na yarda a taɓa nawa sai an shiga Maris.