Darasi na Tara: Tsohuwar Mota da Zafin Inji

Mutane da yawa da tsohuwar mota suke fara mallakar abin hawa, domin ita ce aljihu yake iya ɗauka. Wani Golf yake saya don ya yi haya, wani Starlet ko Carina, wani kuma Peugeot 504 yake tayarwa bayan ta daɗe a ajiye, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Yawancin sababbin masu mota wurin mai fenti da mai kujeru suke fara nufa, alhali abin da zai iya kashe motar yana ƙarƙashin bonat. Abin da ya dace shi ne a fara da birki da taya da sitiyari saboda tsaron rai, a bi da baƙin mai da hanyoyin ruwan inji, fenti kuma ya jira har sai an ga abin da ya rage a hannu. Wannan darasi a kan hanyoyin ruwa yake, domin zafin inji na daga cikin abubuwan da suka fi kwantar da tsohuwar mota, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana yake wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri.

Inji yana ƙona fetur ne a cikinsa, saboda haka dole a sami abin da zai kwashe zafin. Famfon ruwa, wanda fanbel yake juyawa a yawancin tsofaffin motoci, yana tura ruwa ya zagaya jikin inji, ruwan ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, sannan ya komo ta tiyon ƙasa. A bakin hanyar akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da take rufe muddin inji yana da sanyi, ba ta buɗewa sai ruwa ya kai digiri 80 da 'yan kai. Murfin lagireto ma yana da aikin da ya wuce rufe baki. Ruwa a buɗaɗɗen wuri yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi yadda ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120, kuma lambar da ake bugawa a samansa, kamar 0.9 ko 1.1, ƙarfin wannan matsi take nunawa.

A gaban direba akwai allurar da take nuna zafin inji. A wasu motoci harafin C ne a gefen sanyi, H a gefen zafi, a wasu kuma lambobi ne, da 90 a tsakiya. Idan allura ta nufi ja, ka kashe na'urar sanyaya cikin mota, ka sauka gefen hanya, ka kashe inji, ka ɗaga bonat. Kada ka taɓa murfin lagireto sai an yi aƙalla rabin awa, domin ruwan yana cikin matsi, kuma da zarar an kwance murfi zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka zuba ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, domin kan inji, wato sashen sama da yake rufe jikin inji, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, musamman na alminiyum.

Bayan inji ya huce, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: a wane hali motar take yin zafi? Amsar tana rage yawan laluben da ake yi a gareji, kuma direba ne kaɗai ya san ta, don shi yake tuƙin. Idan allura tana hawa a cikin cunkoso ko a tsaye, amma ta sauka da zarar an hau buɗaɗɗen titi, fanka ake zargi, saboda a guje iskar hanya tana yin aikin da fanka ta kasa. A mota irin Golf fankar ta lantarki ce, don haka rewaya zai duba fiyus da rile da makunnin da ke jikin lagireto kafin a yi maganar sayen sabuwar fanka. A motar da fanbel yake juya fankarta, ka danna shi da babban yatsa a tsakiya. Idan ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, ko ka ga ya tsattsage, ya yi sako-sako ko ya mutu.

Idan kuwa motar lafiya take a cikin gari, amma tana zafi a doguwar tafiya, ko a hawan tudu da kaya, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko iska ba ta ratsa lagireto. Ka haska fitila ta bayansa ka duba daga gaba. Ƙurar hunturu da ƙwari da ɓurɓushin ciyawa suna toshe ƙananan ramukansa har haske ya kasa wucewa, kuma wankewa da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba tana maganin wannan. Toshewar ciki ta fi wuya: bayan an kashe inji mai ɗumi an cire makulli, a shafa jikin lagireto da hankali, a kiyayi fanka, kuma idan wani wuri da zafi wani da sanyi, bututun ciki sun toshe, sai a kai wa mai gyaran lagireto ya buɗe ya share. Famfon ruwa da ya gaji yakan yi ƙara, ko ya riƙa ɗigar da ruwa ta wani ɗan rami a ƙasansa.

Hali na uku shi ne allura ta hau ja cikin 'yan mintuna da tayar da mota, alhali lagireto bai ko yi ɗumi ba. Wannan alamar tamostat ce da ta maƙale a rufe. Ana gwada ta cikin sauƙi: a ciro ta, a saka a tukunyar ruwa a kan wuta, idan ruwa ya kusa tafasa ba ta buɗe ba, ta mutu. Makanikai da dama cire ta suke yi su jefar, su haɗa fanka kai tsaye, su ce ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan ba gyara ba ne, ɓoye matsala ne, kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa yana ƙara shan mai, yana saurin cinyewa. Sabuwar tamostat ba ta da tsada idan aka kwatanta da kuɗin fetur ɗin da za a yi asara.

Ruwan da yake raguwa kullum yana da inda yake fita. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe ka ga inda ya jiƙe, ka matsa tiyo ka ji ko ya yi laushi ko ya kumbura, ka duba robar murfi ko ta tsage. Idan babu ɗigo ko ɗaya amma ruwa yana tafiya, sai a yi tunanin gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da take toshe tsakanin kan inji da jikinsa. Alamominsa su ne farin hayaƙi daga salansa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, da baƙin mai da ya koma fari-fari a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfin mai, da kumfa da take ta tasowa a bakin lagireto idan an buɗe shi da sanyi an tayar da inji. Kada ka yarda a kwance kan inji sai an nuna maka ɗaya daga cikin waɗannan da idonka, domin wannan aiki shi ne mafi tsada a cikin duk abin da muka ambata. Idan ya zama dole, a auna kan injin ko ya lanƙwashe, a goge shi ya daidaita, sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon gaskit ɗin ma zai ƙone.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin datti a cikin lagireto, kamar wanda yake kamawa a gindin butar shayi, kuma suna sa tsatsa. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa. Wani a haɗe yake zuwa, wani kuma sai an gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, don haka ka karanta rubutun jikin jarkar kafin ka zuba.

Aikin gida: idan mota tana ɗaukar lita 6, kuma za a gauraya rabi da rabi, lissafa lita nawa na kowanne za a zuba. Sannan ka ware shafi a littafinka, ka rubuta kwanan wata da inda ruwa ya tsaya kowace safiya har mako guda, tare da wurin da allura ta hau idan ta hau, ka zo da shi aji na gaba.