Kurakuran da ke shiga tsakanin matasan Damagaram da aikin kwamfuta a kamfanoni

Ƙorafi biyu ake ji a garin nan, kuma kowanne da gaskiyarsa. Matasan da suka gama jami'ar André Salifou ko makarantun kuɗi suna cewa babu aiki. Masu kamfanoni da shugabannin biro kuma suna cewa sun rasa wanda za su damƙa wa kwamfutocinsu hankalinsu ya kwanta. Tun da ChatGPT, manhajar nan da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, ya fito a watan Nuwamba na 2022 sai wani tsoro ya hau kan na da, wai ƙirƙirarriyar basira za ta cinye ɗan aikin da ya rage. Sana'ata girka manhajojin lissafi da na kula da kaya ce a kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma akan kira ni in zauna cikin masu tantance 'yan neman aiki. Daga wannan kujera nake ganin inda kowane ɓangare ke tuntuɓe.

Babban kuskuren matasa shi ne haddace sunayen manhajoji ba tare da sanin yadda kuɗi da kaya ke tafiya a kamfani ba. Za ka buɗe dosiye ka ga an jera Python, Excel, Sage, Power BI, da takardun shaidar kwasa-kwasan intanet tuli guda. Amma ka tambayi mai dosiyen abin da ke faruwa tun daga lokacin da aka yi odar kaya har zuwa lokacin da kuɗin ya shiga asusu, sai ya yi shiru.

Akwai wata jarrabawa da nake so, domin ba ta ɓoye kowa. Ana ba ɗan takara cinikin wata guda na wani babban ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa da sukari da mai, irin na Kasuwar Dole, a cikin Excel. A ciki an rubuta sunan Magarya iri uku, an haɗa buhun kilo 25 da na kilo 50 a layi guda, sannan akwai kayan da aka ba wani abokin ciniki na Mirriya bashi, aka rubuta su kamar an biya. Tambayar ɗaya ce: shinkafa nawa ta rage a mangaza, kuma nawa ake bin mutane? Da yawa sukan kwafe komai su zuba wa ChatGPT, cikin ɗan lokaci su miƙo amsa da zane mai kyau, amsar kuwa ba daidai ba ce. Wadda ta burge mu a wani zama, wata yarinya ce da ba ta taɓa komai ba sai da ta ɗago kai ta dubi mai kamfanin ta ce: «Alhaji, wannan buhun da aka rubuta a layi na goma sha huɗu, ƙarami ne ko babba? Kuma mutumin Mirriya ya kawo kuɗin ko alkawari ne?» Alhajin ya juyo gare ni ya ce a hankali: «Malam, wannan ta san kasuwa.» Ita ma daga baya ta yi amfani da na'urar wajen rubuta dabarar lissafin, babu wanda ya hana ta. Sai da ta gyara bayanan tukuna.

Maganin wannan kuskure yana kusa. Ka samu kwantabul ko mai kula da mangaza ka zauna kusa da shi, ko da kyauta ne, ka ga takardar oda, da takardar isar da kaya, da faktir, da yadda ake ƙidayar kaya a ƙarshen wata. Ka san cewa lissafin kamfanoni a Nijar yana bin tsarin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, kuma harajin TVA na gama-gari kashi 19 ne cikin ɗari. Ka san abin da ma'aikatar haraji ke nufi da faktir mai shaida. Wanda ya san waɗannan, manhajojin lissafi irin su Sage ko Odoo ba sa ba shi wuya, domin ya riga ya gane abin da kowane gurbi ke nema. Manyan manhajoji irin su SAP ma a kan wannan tafiya ta oda da kaya da kuɗi aka gina su.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: yarda da duk abin da na'ura ta faɗa. Waɗannan manhajoji suna harhaɗa magana ne daga ɗimbin rubutun da aka horar da su a kai, kuma idan ba su sani ba sukan ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Mu nan muna da namu tarkon na musamman. Rubutun da ke intanet game da Nijar kaɗan ne, na Najeriya kuwa mai yawa, don haka sau da yawa ka yi tambaya a kan ƙasarmu, musamman da Hausa ko da Turancin Ingilishi, a ba ka amsar maƙwabta. Na ga takardar farashi da wani matashi ya shirya wa ubangidansa da TVA na kashi 7.5, wanda na Najeriya ne. Da ta fita zuwa ga abokin ciniki, kamfanin ne zai cike gibin daga aljihunsa. Saboda haka duk lamba, duk doka, duk sunan hukuma da na'ura ta ba ka, ka je ka gani da idonka a takardar asali. Idan kuma na'urar ta rubuta maka lambar manhaja, wato umarnin da kwamfuta ke bi, kada ka saka ta a kwamfutar aiki sai ka iya bayyana abin da kowane layi ke yi, kuma ka gwada ta a kan kwafin bayanai.

Akwai kuskuren da ya fi wannan haɗari, kuma mutane na yin sa da zuciya ɗaya. Ana ba ma'aikaci jerin albashi, ko sunaye da lambobin wayar matan da wata ƙungiya ke tallafa wa a ƙauyukan Tanut, a ce ya tsara su, sai ya ɗora duka a manhajar kyauta ta intanet. Amanar mutane ce ya fitar waje. Kamfanin Samsung ma a 2023 ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba musu sirrin kamfani. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ka cire sunaye da lambobi kafin ka nemi taimakon na'ura, ko ka ƙirƙiro bayanan gwaji masu kama da na gaske. Idan ka faɗi haka da bakinka a wurin tantancewa, wallahi ka wuce rabin abokan takararka.

Sai kuma tsallake tushe. Kowa yanzu so yake a kira shi gwanin IA, wato ƙirƙirarriyar basira, amma mu dubi inda aikin yake a Damagaram. Akwai matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Akwai kamfanonin waya, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom. Akwai bankuna da gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, da asibitocin da ke shigar da alƙalumansu cikin DHIS2, da ƙungiyoyin agaji masu tattara bayanai da KoboToolbox. Dukansu abin da suke fara buƙata shi ne rezo da ba ya yankewa, da bayanai masu tsabta, da ajiyar kwafi idan kwamfuta ta mutu, da wanda ya san abin yi idan an ɗauke wuta ana tsakiyar rufe lissafin wata. A zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, sanin yadda ake kare na'ura da haɗa ta da batir da hasken rana sana'a ce mai ci. Ƙanena, ka fara da haɗa rezo, da Excel har ka ƙware, da SQL, wato yaren zaƙulo bayanai daga rumbunsu, da tsaron kalmar sirri. Cisco Networking Academy yana da darussan farko na kyauta, wasu ma da Faransanci. Ƙirƙirarriyar basira za ta hau kan wannan ta sauƙaƙa maka aiki. Gini ne, kuma kowa a tsohuwar unguwar Birni ya ga abin da damina ke yi wa katangar da ba a kafa ta da kyau ba.

Game da CV da wasiƙar neman aiki, a taƙaice: mun gaji da karanta wasiƙa iri ɗaya da na'ura ta rubuta wa mutum ashirin. Ka rubuta abu guda da ka taɓa yi da hannunka, ko da tsara cinikin shagon kawunka ne ko rajistar ɗaliban makarantar unguwarku, ka zo da shi a waya ko a kile na USB ka nuna. Ka yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Ka koyi Ingilishi na karatu, domin yawancin bayanan manhajoji da shi suke fara fitowa, ga kuma Kano kusa da mu fiye da Yamai. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a ɗauke ka aikin intanet, ka rabu da shi.

Yanzu bari in juya ga masu ɗaukar aiki, domin rabin gibin nan da hannunsu suke haƙa shi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Sanarwar neman ma'aikaci takan fito ana son mutum ɗaya ya gyara na'urar buga takardu, ya kula da rezo, ya riƙe manhajar lissafi, ya yi shafin intanet, ya san IA, kuma yana da gogewar shekara biyar, a kan albashin da bai kai na mai gogewar shekara ɗaya a Yamai ba. Idan ba a samu ba sai a ce yaran yanzu ba su iya komai ba. Alhaji, zauna ka rubuta matsala uku da suka fi hana ka barci. Idan kaya ne ke ɓacewa tsakanin mangaza da shago, mai sanin kula da kaya da bayanai kake nema, kuma jarrabawar da za ka yi masa ita ce takardunka na gaske bayan an cire sunaye. Awa ɗaya a gaban kwamfuta tana nuna abin da tarin takardun shaida ba sa nunawa, tana kuma sauƙaƙa maka ba wa ɗan'uwa haƙuri idan ya kawo ɗansa, tunda kowa ya ga sakamako.

Wani kuskuren shi ne tunanin cewa tunda na'ura na iya ƙananan ayyuka, babu buƙatar ɗaukar sababbin hannu. Kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin ya yi shelar a farkon 2024 cewa manhajarsa tana yin aikin mutum 700 masu amsa wa abokan ciniki. A 2025 shugabansa ya amsa cewa ingancin aikin ya ragu, suka koma neman mutane. Ko da ma na'urar ta iya, wanda zai duba aikinta gobe daga cikin ƙananan yau zai fito. Idan ɗan staj ya shafe wata uku yana ɗauko shayi da yin fotokopi, ba a nuna masa ko sau ɗaya yadda ake rufe lissafi ba, kada a yi mamaki idan bayan shekara biyar an rasa ƙwararre a garin.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton da Dandalin Tattalin Arziki na Duniya ya fitar a Janairun 2025 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na kamfanonin da aka tambaya sun ce rashin ƙwarewar da suke nema ne babban abin da ke hana su sauya tsarin aiki, kuma suna hasashen kashi 39 na ƙwarewar da ma'aikata ke da ita za ta sauya ko ta tsufa nan da 2030. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne horar da na gida. Kwantabul ɗin da ya yi shekaru tare da kai, wanda ya san kowane abokin ciniki da halinsa, koya masa sabuwar manhaja ya fi sauƙi da araha a kan koya wa baƙo kasuwancinka. A ware masa lokaci cikin awannin aiki, kada a ce ya koya da dare bayan ya gaji.

Masu son na'ura ta tace musu dosiye kuma su yi hattara. Amazon ya yi watsi da irin wannan manhaja, kamar yadda aka ruwaito a 2018, bayan an gano tana rage wa mata maki, domin daga tsofaffin dosiyen da yawancinsu na maza ne ta koya. A garin da 'yan mata masu karatun kwamfuta ba su da yawa tun farko, irin wannan tacewa za ta zubar da waɗanda muka fi buƙata. Dosiye talatin ko arba'in ba su fi ƙarfin mutum biyu su karanta ba.

Abu na ƙarshe da nake yawan tararwa: mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin komai, babu abin da aka rubuta, ranar da ya samu aiki a Yamai ko Agadas sai kamfani ya tsaya cak. A sa a cikin kwantiragi tun ranar farko cewa rubuta yadda aka haɗa komai yana cikin aikinsa. Kalmomin sirri na manyan asusu su kasance a wurin mai kamfani, cikin ambulan rufaffe ko manhajar ajiyar kalmar sirri. A haɗa shi da mataimaki ko mataimakiya da zai riƙa koya wa, kuma duk ƙarshen wata a ɗauko kwafin bayanan da aka ajiye a buɗe shi a wata kwamfutar daban, a tabbatar yana aiki.